Yadda Ake Gane Zoɓo Na Ƙwarai

Wani dattijo daga Kibiya, wanda ke shirin walimar saukar Alƙur'ani ta ɗansa, ya aiko yana tambaya yaya zai rarrabe zoɓo mai daraja da wanda aka yi wa algus, domin ba ya son ya kunyata gaban baƙin da za su taho daga Rano da ƙauyukan kewaye.

To, Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Mutanen Faransa, waɗanda suka mai da ɗanɗanon jar giyarsu wani fanni mai malamai da almajirai, suna hukunta ta da ido, sa'an nan hanci, sa'an nan harshe. Mu kuwa, ko da yake shari'a ta raba mu da hamru rabuwa ta har abada, ba ta hana mu wannan tartibi a kan jan abin shan da Allah ya halatta mana ba, wanda mutanen Masar da Sudan ke kira karkade, mutanen Senegal ke kira bisab, kuma fatake ke tara shi buhu-buhu a Maigatari da kasuwar Dawanau ana kai shi har Meziko.

Hukunci yana farawa tun a gaban mai awo. Zoɓon bana, wanda aka ɓare da kaka aka shanya a iskar hunturu, za ka same shi ja mai duhu har yana neman baƙi, da kauri a hannu, in ka matse shi ya karye ƙaras, ya bar maka ɗan launi a yatsa. Wanda ya kwana biyu a rumbu yakan koɗe ya koma ruwan ƙasa, in kuwa ya sha laima sai ya yi laushi yana warin fumfuna, kuma wannan ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ka tura hannu har gindin kwano, gama can yashi da gurguzu da karmami suke fakewa.

Amma babbar mas'ala tana cikin dafaffe, inda wasu masu sayarwa, don neman riba ba tare da tsoron hisabi ba, sukan tsinka ruwa su cike gurbin da kala da sakarin. Ga gwajin da ba ya ƙarya: ka zuba kaɗan a farin kofi, ka jefa ɗan ƙwayar kanwa ka motsa. Launin zoɓo na asali ba ya jure kanwa, nan take zai dushe ya juya zuwa shuɗi-shuɗi mai duhu, in ka matsa lemon tsami a kai ja ya dawo; alhali kala tana nan yadda take, ko gezau. Sakarin kuma harshe ne alƙalinsa, domin zaƙinsa yana zuwa da gaggawa, ya bar ɗaci a maƙogwaro bayan an haɗiye. Zoɓo na ƙwarai tsaminsa ne ke fara sallama, zaƙi ya biyo baya da ladabi, daga ƙarshe yajin citta da ƙamshin kanumfari su rage a baki. Ni a ra'ayina, mazarƙwaila ta fi farin sukari dacewa da shi nesa ba kusa ba, kuma wanda ya cika masa ƙamshin kwalba har aka kasa jin zoɓon, ya yi israfi da kuɗinsa.

A gida, a wanke shi sau biyu da sauri cikin ruwan sanyi, a tafasa shi kamar minti 10 zuwa 15 kawai, don daɗewa a wuta na jawo bauri, a kuma guji tukunyar ƙarfe mai tsatsa, wadda tsami ke ci har launi ya ɓaci.

Saura abin da ya shafi addini, wanda galibi ake gafala da shi. Duk abin sha mai zaƙi, in ya daɗe cikin zafi, yana fara tashi, musamman in an sa masa ɓawon abarba ko dabino. Imamu Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya barin jiƙon da aka yi masa ya wuce yammacin rana ta uku, kuma Ibnu Abi Zaidin ya tabbatar a Risala cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. A zafin bazarar Rano, zoɓon da ba ya cikin sanyi ba ya kai ko kwana biyu lafiya. Idan ka buɗe jarka ta yi tsaki, ko kumfa na tasowa da kansa, ko ya ɗan tsikari harshe, to, ya shiga shubuha, a zubar.

Saboda haka, Alhaji, a sa masu girki su dafa shi da asubahin ranar walimar, kada a zuba sukari sai an kusa rabawa, a ajiye shi cikin ƙanƙara ko sabuwar randa a inuwa. Dattawan da ke shan maganin hawan jini kuma a ba su kofi guda kawai, domin zoɓo shi ma yana saukar da jini.