Kantar Bango da Ɓoye Wayoyin Talabijin a Falo

Sau da yawa za ka shiga falo an kashe masa kuɗi, an shimfiɗa kafet, an kafe talabijin mai inci 43 ko 55 a bango, amma ƙarƙashinta wayoyi sun zubo kamar saiwar ceɗiya. Ga ta wuta, ga ta dikoda, ga ta dish, ga cajar waya da wani ya bari. Munin gani shi ne ƙaramin laifinsu. Yaro mai rarrafe ba abin da ke jan hankalinsa kamar waya mai lilo, kuma wutar gidajenmu volt 230 ce.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne kanta marar ƙafa, wadda ake kafewa a bango ƙasa da talabijin. Dikoda da sauran kaya su zauna a ciki, wayoyi su shige baya, ƙasa ta zama fili, tsintsiya ta wuce ba tare da ta ja komai ba.

Kafin ka je wurin kafinta, tara duk abin da zai shiga kantar ka auna: dikodar DStv ko GOtv ko StarTimes, na'urar intanet, da soket mai baki da yawa. Ka ce masa akwati kake so mai ciki, wanda zurfinsa ya kai santimita 25 zuwa 30, a bar rata kamar yatsu uku a baya inda wayoyi za su kwanta. A huda saman daf da bango, faɗin hudar ya isa kan filogi mai ƙafa uku ya wuce ba sai an yanke shi ba. Filawud mai kauri ya fi katakon garin itace da ake matsewa, domin wannan da zarar ya sha danshin damina sai ya kumbura, sukurun ya saki.

A nan ne nake son mu ɗan daɗe, domin a nan aka fi yin kuskure. Mutane sukan rufe akwatin ruf ta kowane ɓangare saboda ya fi kyau a ido. Dikoda kuwa zafi take fitarwa ko da tana zaune ba a kallo, kuma a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, iskar ɗakin kanta ta isa ta gasa mutum. In ba ta samu mafitar zafi ba, za ta fara daskarewa tana kashe kanta, daga nan sai wurin mai gyara. A bar gaba a buɗe, ko a sa raga, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakanin saman dikoda da katako. Akwai wani dalili kuma: yawancin rimot da haske marar ganuwa yake aiki, sai ya ga fuskar dikodar kai tsaye, ƙofar katako tare shi take yi.

Haka nan soket. Ka ɓoye shi daga ido, amma ya kasance hannunka na isa gare shi cikin duhu ba tare da ka kwance komai ba. Idan hadari ya taso da tsawa, ko aka kawo wuta da ƙarfin da ya wuce kima, abin da zai ceci kayanka shi ne zare filogi nan take, da cire wayar dish in da hali. Wanda ya binne soket a bayan katakon da aka buga da ƙusa ya hana kansa wannan. Sitabilaiza kuma nauyi gare shi, ga zafi. Ni a ganina ƙasa ce wurinsa, a gefe.

Sai batun bango. Yawancin gidajen yanzu da bulo mai rami ake gina su, inci 6 ko inci 9. A huda da na'ura, a cusa robar nan da ake kira fisha, sannan sukuru mai tsawo ya bi ta, aƙalla wuri huɗu. Kada a huda daidai saman soket ko makunni, ko a jere da su, domin nan ne bututun wayarin gida ya saba bi. A ɗora lebur na magina kafin a ɗaure. In kuma ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, a haƙura da kanta a nemi ɗan tebur, don shafen ba zai riƙe nauyi ba.

Tsakanin kantar da talabijin akwai ɗan fili da wayoyi za su haura. Wanda ke gidan haya ya sayi kwaroron roba mai murfi da masu wayarin ke amfani da shi, ya manna, ya shafa masa fentin bangon. Mai gidan kansa yana iya kiran mai wayarin ya sassaƙe bango ya binne bututu mai faɗi, wanda kan wayar HDMI zai iya bi, domin gobe a iya zare ta a sauya. Kada a yarda a lulluɓe wayar talabijin da siminti tsirararta. Wayar dish ba ta son lanƙwasa mai tsanani, kuma ya fi kyau ta bi gefe dabam da ta wuta.

Da yake da yawa daga cikinmu a kan kafet muke kallo, kada a ɗaga talabijin can kusa da silin. Tsakiyarta ta yi daidai da idon wanda ke zaune, kantar kuma ta biyo ƙasa da ita da kamar taƙi ɗaya.

Rarar waya a naɗe ta sako-sako, a ɗaure da zaren roba, a manna wa kowace ɗan farin tef a rubuta sunanta. Lokacin hunturu kuwa, duk bayan mako biyu a kashe wuta a buɗe akwatin a kakkaɓe ƙura, a duba ko ɓera ya fara gurgurar wani abu, domin shi da kyankyaso wuri mai ɗumi da duhu suke nema.