Kafin Ka Sayi Keken Hawan Tsauni, Duba Ƙarfen Jikinsa

Masu sayen keke sun fi kallon fenti da yawan giya, alhali firam, wato ƙarfen jikin keken, shi ne ke ɗaukar duk wahalar gargada da duwatsu.

Yawancin kekunan da ke kasuwa na alminiyam ne, galibi samfurin 6061 ko 7005. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, kuɗinsa kuma da sauƙi. Matsalarsa ita ce yana gajiya da shekaru, kuma idan ya tsage, waldar bakin titi ba ta mayar masa da ƙarfinsa, domin 6061 yana buƙatar gashi na musamman bayan walda. Saboda haka in gwanjo za ka saya, ka goge ƙurar wuyan keken da gindin feda, ka duba mahaɗun da kyau. Ko siririyar tsaga ka gani, ka haƙura da shi.

Ni dai, ga mai zama nesa da babban gari, baƙin ƙarfe samfurin 4130 nake ba da shawara. Ya fi nauyi, gaskiya ne, kuma yana son fenti da mai saboda damina. Amma yakan lanƙwashe kafin ya karye, yana sassauta girgiza, kuma ƙwararren mai walda zai iya gyara shi.

Firam ɗin kabon na 'yan tsere ne: sakayau yake, ga ƙarfi, sai dai dutse na iya fasa shi ta ciki ba tare da ido ya gani ba. Kada ka saye shi na hannu.

Titaniyam ba ya tsatsa kuma yana daɗewa, amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu.