Shigar Da Ƙara Ta Intanet

'Yan uwa ɗalibai, ba kowace shari'a ce ta laifi ba. Rigimar fili, bashi, haya ko gado da muke ji a unguwanninmu shari'ar neman haƙƙi ce.

A da sai lauya ya kai wa magatakardan kotu takardu, a buga hatimi, a buɗe fayil. Idan fayil ya ɓata ko gara ta ci, shari'a ta tsaya.

Yanzu wasu kotuna suna karɓar takardu ta intanet:
1. Lauya ya yi rajista a shafin kotu.
2. Ya ɗora takardun.
3. Ya biya kuɗi, ya sami rasit.
4. Magatakarda ya duba, ya ba ƙarar lamba.

Kwamfuta tana rubuta rana da lokaci. Wannan na da muhimmanci, domin doka ta sa wa'adi, wanda ya makara yana iya rasa haƙƙinsa.

Kotunan Nairobi a Kenya sun koma wannan tsari a Yulin 2020. A Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi takardun kwamfuta a matsayin hujja.

Cikas ɗinmu shi ne rashin wuta da sabis. Duk da haka mu dage da darasin kwamfuta, cikinmu alƙalan gobe za su fito.