Yawan Jama'a: Arziki Ne Ko Nauyi?

Darasinmu na wannan mako shi ne binciken masana game da yawan jama'a da cin gaban ƙasa.

A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya miliyan 55 ne da ɗoriya. A ta 2006 sun kai miliyan 140, Jihar Zamfara kaɗai tana da fiye da miliyan 3. To, wannan ƙaruwa alheri ce ko kuwa nauyi?

Masana sun kasu biyu. A 1798 Thomas Malthus na Ingila ya ce haihuwa takan fi noma sauri, ƙarshenta yunwa. A 1965 Ester Boserup ta ƙasar Danmak ta ce a'a, in jama'a suka yi yawa sukan ƙirƙiro dabarun noma. Tun kafinsu, a 1377, Ibnu Haldun ya bayyana a cikin Muƙaddima cewa taruwar mutane ita ke haifar da sana'o'i da wadata, zalunci kuwa shi ke rushe su.

An jarraba waɗannan ra'ayoyi a ƙasar Hausa. Michael Mortimore ya gano manoman kewayen Kano sun daɗe suna ciyar da jama'a mai yawa daga ƙananan gonaki, saboda takin da suke ɗaukowa a jakuna. Amma Polly Hill, a littafinta na 1977, ta nuna yadda ƙarancin gona ya talauta magidanta da dama a Dorayi. Watau dai yawa shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Mu dubi Gusau. Da jirgin ƙasa ya iso, baƙi suka cika Sabon Gari, cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa, yawan nan ya zama arziki. Yau kuwa manoman ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu suna kwararowa gari don gudun 'yan bindiga, sun bar gonakinsu. Hannuwan da ya kamata su ciyar sun koma neman a ciyar da su. Laifin ba na haihuwa kaɗai ba ne.

Lalle arzikin kowane rai yana ga Allah, amma wannan bai sauke wa uba nauyin ci da sutura da ilmin 'ya'yansa ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa ta shekara biyu, wadda takan taimaka wajen ba uwa hutu. Imamu Gazali ya halatta azalu a cikin Ihya'u, malaman Malikiyya kuma suka sharɗanta yardar mace. Hukuma ita ma akwai hakki a kanta: tsaro, makarantu, asibiti da aikin yi. Yaron da aka ilmantar dukiya ne ga ƙasa, wanda aka sake a titi kuwa za a tambayi uba da shugaba a kansa ranar gobe.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.