Yaya Girkawan dā ke kiran keken dokin yaƙi?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ne ya aiko da wannan tambaya. To, Malam, Girkawan dā suna ce masa "harma": keke mai ƙafa biyu, buɗe ta baya, wanda ake tsayawa a cikinsa a kan ƙafa, dawaki biyu ko huɗu na ja.

A waƙar Iliyad ta mawaƙinsu Homa, jarumi ba kasafai yake yaƙi daga kan keken ba. Direba ya kai shi bakin daga, jarumin ya diro da māshinsa, ya gwabza a ƙasa, keken na jira kusa ko da gudu zai kama.

Daga baya sai abin ya koma wasa. A shekara ta 680 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka shigar da tseren keken dawaki huɗu cikin wasannin Olimfiya. Abin mamaki, mai dawakin ake naɗa wa kambun zaitun, direban da ya sha wuya ko oho. Ta haka Kiniska, gimbiyar Sparta, ta ci gasar da dawakinta a shekara ta 396 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mace ta farko da ta yi hakan.

Kalmar ba ta mutu ba, Malam: Girkawan yau da ita suke kiran tankar yaƙi.