Zamba ta Waya da ta Intanet: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

A da, in ɓarawo yana nufin dukiyar mutum sai ya jira dare ya raba, ya haura katanga ko ya fasa rumbu. Tun da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, wani irin ɓarawo ya bayyana wanda ba ya ko taka garin da zai yi wa ɓarna. Yana zaune can wani birni mai nisa zai buga waya, mai dukiya kuwa ya miƙa masa da hannunsa. An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu, gama su talakawa ke fara kai wa kuka, sunansu kuma yana cikin abin da mazambata ke fakewa da shi.

1. Abin da mazambaci ke nema

Kuɗin da ke banki kulle su ke, mabuɗansu kuwa lambobi ne. Akwai lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014. Akwai lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, ita ma alƙaluma 11. Akwai doguwar lambar da ke jikin katin cirar kuɗi, da alƙaluma 3 na bayansa, da lambar sirri ta mai katin. Sa'an nan akwai lambar wucin gadi, OTP, wadda banki ke aiko wa mutum ta waya domin ya tabbatar shi ne ke son fitar da kuɗi. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri ko ta wucin gadi. Duk wanda ya tambaye su ya riga ya tona kansa.

Lalle a lura, mai kira ya kan faɗi cikakken sunan mutum, da garinsu, har da bankinsa. Wannan ba shaidar gaskiya ba ce. Irin waɗannan bayanai sau da yawa daga wayar da aka sace su ke fitowa, ko daga takardun sunaye da aka bari a sake.

2. Hanyoyin da ya kan biyo

Ta farko ita ce tsoratarwa. Za a kira mutum a ce daga banki ne, wai za a rufe asusunsa yau in bai karanto lambar da ta shigo wayarsa ba. Yana karantawa, kuɗi sun fita.

Ta biyu ita ce kwaɗaitarwa. Saƙo zai zo cewa an ba mutum tallafi, ko aikin gwamnati, ko takin zamani, ko kujerar Makka mai araha, amma sai ya fara biyan kuɗin rajista. Wannan ita ce zambar da a ke kira 419, sunan da ya samo asali daga sashe na 419 na dokar laifuffuka ta Nijeriya. Kujerar Hajji dai ta hannun hukumar alhazai ta jiha a ke biyanta, ko kamfanin da hukumar NAHCON ta ba lasisi, a kuma karɓi rasiti.

Ta uku ita ce alkawarin ribar da ta wuce hankali. Masu wannan ba su da ciniki ko sana'a, kuɗin na baya su ke ɗiba su biya na gaba, har ranar da sababbin shiga suka ragu, sai su kulle su tsere. Haka aka yi da MMM a Disamba 2016, haka kuma da CBEX a Afrilu 2025, mutane da yawa suka yi asara. Hukumar SEC ce ke rajistar masu karɓar kuɗin jama'a domin zuba jari, ana kuma iya bincikar suna a wurinta kafin a ba da ko kwabo. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ta huɗu ita ce saƙon biya na ƙarya. Mai saye zai nuna wa mai hatsi ko mai dabba saƙo a waya cewa kuɗi sun shiga, alhali shi ya ƙirƙira saƙon. Kada mai kaya ya saki kayansa sai ya duba asusunsa da kansa ya ga kuɗin sun ƙaru.

Ta biyar ita ta fi shafar masu sarauta, watau aron suna. Wani zai kira malamin Hakimi ya ce akwai taro da za a yi ta waya, an aiko masa lamba mai alƙaluma 6, ya karanto ta domin a sa shi cikin mahalarta. Wannan lamba ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinsa. Da zarar ya faɗa, mazambaci ya ƙwace shafin, ya shiga aika wa dagatai da 'yan'uwa saƙo da sunan Hakimi cewa a turo kuɗi maza, za a mayar gobe. Mutane kuwa, saboda girman sunan, ba su kan tsaya tambaya ba. Ta imel ma a kan yi haka: wasiƙa za ta zo da tambarin ma'aikata, amma in an duba adireshin mai aikowa da kyau sai a ga an sauya harafi ɗaya.

3. Alamomi uku

Ko da ya ke hanyoyin suna da yawa, alamominsu ba su wuce uku ba. Akwai gaggawa: yanzu-yanzu, kafin a rufe. Akwai ɓoyo: kada ka gaya wa kowa. Akwai neman lamba ko kuɗi tun mutum bai ga kome a hannu ba. In biyu daga cikinsu suka haɗu, sai a kashe waya. Sa'an nan a nemi wanda aka ce shi ne ta wata hanya dabam: a kira lambarsa da aka sani tun da, ko a tashi ɗan aike, ko a taka zuwa banki. Mai gaskiya ba ya jin haushin a bincika, shi kuwa mazambaci jinkirin sa'a guda ya isa ya rushe masa shiri.

4. Aikin Hakimi da malaminsa

Malamin Hakimi shi ke riƙe da sunayen mutane da lambobinsu duk lokacin da aka yi rajistar tallafi ko rabon taki. Waɗannan takardu amana ne. A kulle su, kada a ɗauki hotonsu a watsa cikin zaurukan waya, kada kuma a ba kowa sai da wasiƙa wadda aka tabbatar daga Ƙaramar Hukuma ko Majalisar Sarki. Hatimin Hakimi da takardarsa mai tambari su ma haka.

Ya kamata Hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni ya sanar da su sarai cewa shi ba ya neman kuɗi ta saƙon waya, duk saƙon da ya zo da haka a zo a tambaye shi baki da baki. Ya sa a kunna masa tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, a kuma sa lambar sirri a layin wayarsa, domin ɓarawon waya ya kan yi amfani da layin ya kwashe kuɗin banki. Ranar kasuwa sankira ya yi shela, a kuma roƙi limamai su ja kunnen jama'a ranar Jumma'a, musamman tsofaffi da matan aure da waɗanda wani ke karanta musu saƙo.

5. In abin ya riga ya faru

Wanda aka cuta ya garzaya banki nan take a rufe asusu da kati, gama kuɗin sata ba su kan daɗe a asusun farko ba. In waya ce ta ɓace, a sa kamfanin layi ya toshe layin. Kada a goge saƙonni, domin su ne shaida. Malamin Hakimi ya rubuta rana da lokaci, da lambar da ta kira, da asusun da aka tura wa kuɗi, a kai wa 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri da tara ga masu wannan aiki.

Abu na ƙarshe, kada a yi wa wanda aka cuta dariya ko faɗa a gaban fada. Kunya ce ke sa mutane su yi shiru, shirun nan kuwa shi ke ba mazambaci damar ya kira maƙwabci gobe da magana iri ɗaya. Hakimin da talakawansa ba su jin nauyin kawo masa irin wannan ƙara, shi ne zai fara jin labarin sabuwar dabara, ya gargaɗi ƙasarsa tun ba ta ci mutum na biyu ba.