Ruwan Tankin Kifi: Darasi Daga Yadda Jami'a Ke Sarrafa Ruwanta

Darasinmu na yau a kan ruwa ne, wanda ke shiga tanki da wanda ke fita.

Babbar jami'a gari ce guda. Ku ɗauki Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ruwan madatsar Kubanni take tacewa ta raba wa ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen ma'aikata. A matata irin wannan ana zuba alif don laka ta kwanta, a tace, sannan a sa kilorin ya kashe ƙwayoyin cuta. To a nan mai kifi zai yi hattara. Kilorin da ke kare ɗan Adam yana ƙona matsatsin kifi, 'ya'yan tarwaɗa kuwa ba sa jure masa ko kaɗan. In ruwan famfo kake amfani da shi, tara shi a buɗaɗɗen tanki ya kwana, aƙalla awa 24, kafin ya taɓa kifinka. Na rijiyar burtsatse ba shi da kilorin, amma iskar oksijin ɗinsa kaɗan ce. Bar shi ya zubo daga sama yana fantsama.

Ɓangaren da ya fi shafar mu shi ne ƙazamin ruwa. Manyan makarantu da yawa ba inji suke dogara da shi ba, tafkuna ne a jere. Na farko mai zurfi, nan datti ke kwanciya ya ruɓe. Na biyu bai kai shi zurfi ba, gansakuka na samun rana tana samar da oksijin, ƙananan halittu na cinye sauran dattin. Na ƙarshe kamar mita 1 ne, hasken rana ke rage ƙwayoyin cuta. Rana da lokaci ne ke yin aikin, mu kuwa rana ba ma sayenta.

Me ke cikin ruwan da kake zubarwa? Kashin kifi, ragowar abinci, da amoniya. Amoniyar nan ita ce mai kisan mummuƙe, kuma dafinta na ƙaruwa in ruwa ya yi zafi ko pH ya hau, shi ya sa watan Afrilu ke ba mutane wahala. Riƙe pH tsakanin 6.5 da 8.5. Tarwaɗa tana ruɗin mutane saboda tana iya shaƙar iska daga sama, sai ka ga ba ta mutu ba ka ɗauka lafiya lau. Ina! Ta rage ci, girma ya tsaya, buhun abincin da ka saya da tsada yana tafiya a banza.

Ni a ganina sakin wannan ruwa a kwatar unguwa asara ce biyu: ga wari da sauro da rigima da maƙwabta, ga taki ka zubar. Haƙa rami biyu a bayan tankinka. Na farko ya tare laka, ka riƙa kwashewa kana kai wa gona. A na biyu zuba kainuwa, tana zuƙe sinadaran da suka rage, sai dai ka riƙa rage ta in ta cika, don in ta ruɓe a ciki an koma gidan jiya. Ruwan da ya fito ka ba ayaba, masara ko alayyafo. Ramukan su yi nesa da rijiyar da ake sha.

Masu haɗa kaji da kifi, ruwan wanke ɗakin kaji kada ya bi hanyar da za ta kai shi tanki ko rijiya. Haka ruwan da ka sa wa kifi magani ko gishiri mai yawa, kada ka zuba wa latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye. Ware masa raminsa daban ya tsotse a can.